Mutum-mutumi Mai Maganar Hannu da Hidimar Ikilisiya ga Kurame

Nassoshin karantawa: Markus 7:31-37; Luka 1:18-23, 59-64; 1 Korintiyawa 12:12-27

Gabatarwa

Fasto ko mai bishara da ya yi 'yan shekaru yana hidima a Sabon Gari ta Gusau, ko a Tsafe, ko Bungudu, da wuya a ce bai taɓa shiga gidan da akwai kurma ba. Wani lokaci yaro ne da uwarsa take zuwa da shi sujada, ya zauna a gefenta awa biyu yana kallon bakin mai wa'azi. Wani lokaci kuma budurwa ce da ake barinta a gida ran Lahadi ta yi girki, domin an ɗauka zuwanta majami'a ba shi da amfani. Sunayensu suna cikin gidajen masu bi, amma ba a cika samunsu a ajin baftisma ba, balle a teburin Jibin Ubangiji.

A 'yan shekarun nan kuma matasanmu suna nuna mana bidiyo a waya, inda ake ganin hannun roba yana lanƙwasa yatsu, ko mutum-mutumi yana yin alamun kurame. Sai a ce mana an ƙirƙiro na'urar da za ta yi wa kurma tafinta. Ya kamata mai hidima ya san gaskiyar wannan zance: abin da na'urorin suke iya yi, da abin da ba su iya ba, da kuma abin da Maganar Allah take bukata daga gare mu ko da na'ura ko babu. Abin da wannan darasi zai duba ke nan.

Yawan kurame da dalilan kurumta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen miliyan 430 suna da raunin ji mai tsanani wanda yake bukatar taimako, daga cikinsu miliyan 34 yara ne. Ta kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana aukuwarta. Ƙungiyar Kurame ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Roma a 1951, tana lissafta kurame fiye da miliyan 70, masu amfani da harsunan hannu sama da 300.

A ƙasarmu, manyan abubuwan da suke kashe ji su ne sanƙarau, da ƙyanda, da hangum, da ciwon kunne mai fitar da mugunya wanda aka bari ba magani, da wahalar haihuwa, da wasu allurai masu ƙarfi idan an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Akwai kuma wanda ake haifa da ita ta gado. Mutanen Zamfara sun san sanƙarau sarai. Annobar da ta ɓulla a jihar a ƙarshen 2016 ta bazu zuwa jihohin maƙwabta a 2017, inda aka lissafta mutane fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 1,100 kuma suka rasu. Daga cikin waɗanda suke tashi daga wannan ciwo, akwai masu rasa jinsu har abada. Jaririn da ya kamu a wancan lokaci, yau yaro ne da ya isa shiga makarantar Lahadi. Saboda haka zancen nan na cikin gidanmu ne.

Maganar hannu harshe ce cikakkiya

Kuskure na farko da ya kamata mu gyara shi ne zaton cewa alamun kurame nune-nune ne kawai, irin na mai cinikin da bai iya harshen abokin cinikinsa ba. A 1960 wani malami a Kwalejin Gallaudet ta kurame da ke Amurka, mai suna William Stokoe, ya nuna cewa kowace alama tana da sassa kamar yadda kalma take da baƙi da wasali: siffar da hannu ya ɗauka, da wurin da aka yi alamar a jiki, da irin motsin da aka yi. Masanan da suka biyo bayansa sun ƙara inda tafin hannu ya fuskanta, da kuma yanayin fuska. Canza ɗaya daga cikinsu yana canza ma'ana.

Mai jin Hausa zai gane wannan da sauƙi. A rubuce, garin da muke zaune a ciki da garin da ake tuwo da shi ɗaya ne, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Karin sauti da jan wasali ne suke raba su a baki. To, aikin da karin sauti yake yi a Hausa, irinsa fuska take yi a maganar hannu. A harshen hannu na Amurka, alal misali, ɗaga gira ne yake mai da zance ya zama tambayar da ake amsawa da i ko a'a. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ga kurma, fuska tana ɗauke da nahawun zancen ma.

A ƙasar Hausa kurame suna da harshensu tun da daɗewa, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye. Wata masaniyar harsuna Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta yi nazarinsa, ta wallafa littafi a kansa a shekarar 2000. Ba a makaranta aka ƙirƙiro harshen ba. A kasuwa da dandali da gidaje ake koyonsa, kuma masu ji da yawa suna iya ɗan taɓa shi. A Kano har akwai sarautar Sarkin Bebaye, kamar yadda ake da Sarkin Makafi.

Harshe na biyu kuma ya shigo ta hanyar aikin bishara. Andrew Foster baƙar fata ne ɗan Amurka da aka haifa a 1925, sanƙarau ya kurumtar da shi yana da shekara 11. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami digiri a Gallaudet, a 1954. Ya kafa ƙungiyar mishan ta kurame a 1956, ya buɗe makaranta a Akara ta ƙasar Gana a 1957, sa'an nan a Ibadan a 1960. Kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantun kurame fiye da 30 a ƙasashe 13 na Afirka. Ta makarantunsa da ɗalibansa ne alamun Amurka suka bazu, suka gauraya da na gida, suka zama harshen hannu da ake koyarwa da shi a makarantun kurame na Najeriya. Shi ne wanda muke gani tafinta yana yi a gefen allon talabijin.

Ma'anar wannan ga mai hidima ita ce, kurame biyu a ikilisiya ɗaya suna iya zama masu harshe daban. Wanda ya je makaranta yana da na makaranta. Wanda bai je ba yana da maganar hannu ta gari, ko kuwa 'yan alamun da shi da mutanen gidansu suka tsara. Sai an bincika kafin a san da wanne za a yi masa magana.

Yadda na'urorin suke aiki

Na'urorin da ake ƙerawa sun kasu gida biyu. Kashi na farko suna karɓar magana ko rubutu daga mai ji, su juya shi zuwa alama domin kurma ya gani. Kashi na biyu suna karanta alamar kurma, su juya ta zuwa rubutu ko murya domin mai ji.

A kashi na farko akwai hannun da ɗaliban injiniya na Jami'ar Antwerp a Beljiyam suka fara ƙerawa a 2014, suka sa masa suna Aslan. An haɗa shi da sassan roba 25 da ƙananan injuna 16 masu motsa shi. Idan an rubuta kalma a kwamfuta, sai hannun ya yi harafi bayan harafi da yatsunsa. A wannan shekara ta 2014 kamfanin Toshiba na Japan ya nuna mutum-mutumi mai siffar mace, Aiko Chihira, wadda take iya yin gaisuwa da 'yan alamu na harshen hannun Japan. Akwai kuma zanen mutum mai motsi da ake sa wa a fuskar waya ko kwamfuta, yana yin alamu ba tare da an ƙera jiki ba. A birnin Boston na Amurka, kamfanin Tatum Robotics yana ƙera hannu domin waɗanda suke kurame kuma makafi. Mutumin yana riƙe hannun na'urar, yana jin siffar haruffan a tafinsa.

A kashi na biyu akwai safar hannu mai wayoyi a ciki, waɗanda suke auna lanƙwasar kowane yatsa da motsin hannu, su aika wa waya ko kwamfuta. Ɗalibai biyu na Jami'ar Washington sun ci kyautar dala 10,000 a 2016 da irin wannan safa da suka kira SignAloud. Wani injiniya ɗan Kenya, Roy Allela, ya ƙera tasa mai suna Sign-IO saboda wata yarinya kurma a danginsa. Wasu kuma kyamara suke amfani da ita. Ana nuna wa kwamfuta dubban bidiyo na mutane suna yin alamu, har ta koyi gane su. Wannan shi ne abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira.

Inda na'urorin suka gaza

Na ɗaya, jera haruffa da yatsu ba shi ne maganar hannu ba. Kurame suna yin haka ne domin sunaye da baƙin kalmomi. A ce wani ya tsaya a bagade yana karanta wa jama'a Yohanna sura 3 harafi ɗaya-ɗaya, wa zai fahimta? Ban da haka, sai wanda ya iya karatu ne zai amfana, kuma kurame da yawa a ƙauyukanmu ba a sa su makaranta ba.

Na biyu, safar hannu ba ta ganin fuska, hannun roba kuma ba shi da fuska. Mun riga mun ga cewa babban ɓangare na zancen a can yake.

Na uku, na'ura tana sanin harshen da aka koya mata ne kawai. Waɗanda muka ambata an gina su ne a kan harsunan hannu na wasu ƙasashe. Tsohuwar da ta tashi da maganar hannu ta ƙasar Hausa, idan an ajiye mata mutum-mutumin Japan, daidai yake da a kawo wa Bazamfare mai wa'azi da Japananci.

Na huɗu, safar hannu hanya ɗaya take bi. Kurma ne zai saya, ya sa, ya yi caji, domin mai ji ya huta. Idan mai ji ya amsa da baki, kurman bai sami kome ba. Wannan ne ya sa kurame da yawa suka soki irin waɗannan ƙere-ƙere, musamman waɗanda aka yi ba tare da an nemi shawararsu ba. A 2018 Ƙungiyar Kurame ta Duniya tare da ƙungiyar tafintocin harshen hannu ta duniya sun fitar da sanarwa a kan zanen mutum mai yin alamu. Sun yarda yana iya amfani wajen gajerun sanarwa da aka shirya tun da wuri, kamar na tashar jirgi, amma sun yi gargaɗi kada a sa shi a madadin tafinta ɗan adam wajen zance mai nauyi da ake yi kai tsaye. Wa'azi da shawarar aure da ta'aziyya duk suna cikin zance mai nauyi.

Na biyar, yanayin wurinmu. Na'urorin suna bukatar kuɗi da lantarki da masu gyara, da yawansu kuma sai da intanet. Mun tuna yadda aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Hidimar da ta dogara ga na'ura kaɗai, da ta tsaya cik a lokacin da tumaki suka fi bukatar makiyayi.

Na shida, sirri. Abin da ɗan ikilisiya ya faɗa wa fasto a ɗakin shawara amana ce. Manhajoji da yawa suna aika murya ko hoto zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa kafin su dawo da fassara. Dole mai hidima ya yi tunani kafin ya bi da furcin zunubi ko matsalar aure ta irin wannan hanya.

Abin da Littafi Mai Tsarki yake koya mana

Littafi Mai Tsarki bai ƙi fasaha ba. A Fitowa 31 Allah ne ya cika Bezalel da Ruhunsa, ya ba shi gwanintar aikin zinariya da itace da duwatsu. Injiniyan da ya kwana yana tunanin yadda makaho kurma zai karɓi saƙo a tafin hannunsa, aikin ƙauna yake yi, ya cancanci a gode masa. Haɗarin yana gare mu ne, idan muka mai da na'ura hujjar guje wa wahalar koyon harshen ɗan'uwanmu.

A Fitowa 4:11 Ubangiji ya tuna wa Musa cewa shi ne Mahaliccin bebe da kurma, mai gani da makaho. Saboda haka kurma cikakken mutum ne cikin siffar Allah. Littafin Firistoci 19:14 ya hana zagin kurma, ya kuma ɗaura wannan hani a kan tsoron Allah, domin ko da wanda aka zaga bai ji ba, Allah ya ji. Wannan ya shafi yadda yaranmu suke tsokanar kurame a unguwa, da yadda manya suke yin zancen kurma a gabansa kamar ba ya nan.

A Luka sura 1, da Zakariya ya fito daga Haikali ba ya iya magana, da hannu ya yi wa jama'a bayani. Ran suna kuma 'yan'uwa suka yi masa alama suna tambayar sunan da za a sa wa yaron, shi kuwa ya nemi allo ya rubuta. Sunan Yohanna Mai Baftisma ta hanyar alama da allo aka tabbatar da shi, ba wanda ya ce hanyar ta yi ƙanƙanta.

Babban misalinmu yana cikin Markus 7. Mu lura da yadda Yesu ya bi da kurman nan. Ya janye shi daga taro, bai mai da shi abin kallo ba. Ya sa yatsu a kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama, ya yi ajiyar zuciya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abu ne da mutumin yake iya gani ko ya ji a jikinsa. Kafin ya warkar da shi, sai da ya yi masa magana ta hanyar da zai gane. Wannan ya yi daidai da Yohanna 1:14, inda aka nuna mana cewa Allah bai tsaya ga aiko da saƙo daga nesa ba, ya ɗauki jiki ya zauna tare da mu. Yohanna kansa, a ƙarshen wasiƙunsa ta biyu da ta uku, ya yi amfani da takarda da tawada, wato fasahar zamaninsa, amma ya ce ya fi so ya zo su gana ido da ido.

Wasu suna tuntuɓe a Romawa 10:17, suna cewa tun da bangaskiya ta wurin ji take zuwa, ina rabon kurma? Zancen Bulus a wannan sura shi ne saƙon Almasihu ya isa ga mutum ta wurin wanda aka aika. Tambayar da ya yi a ayoyi 14 da 15 tana kan masu aikawa da masu tafiya. Idan kurma bai karɓi bishara ba, sai mu tambayi kanmu wa muka aika masa da harshensa. A ranar Fentikos kowa ya karɓi saƙon da harshen da aka haife shi a ciki. Mu ma da Hausa muka same shi, tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Kurame kuwa sai a 2020 aka kammala fassarar dukan Littafi Mai Tsarki zuwa harshen hannu na Amurka, a bidiyo, bayan aikin kusan shekara 40. Wannan ya nuna mana irin jinkirin da ikilisiyar duniya ta yi.

Abin da mai hidima zai iya yi

Na farko, ka ƙidaya. Ka tambayi dattawa da shugabannin zumuntar mata su faɗa maka kowane kurma da yake gidajen masu bi. Sa'an nan ka je gidajen da kanka, domin zumunta a ƙafa take.

Na biyu, ka nemi kurma babba ya zama malaminka. Ka fara da gaisuwa, da sunaye, da alamun addu'a, da godiya, da gafara. Ikilisiya kuma ta zaɓi matasa biyu ta ɗauki nauyin koyonsu sosai. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo da Jami'ar Jos suna horar da malaman masu bukata ta musamman.

Na uku, ka gyara wurin zama. Kurame su zauna a gaba, tafinta ya tsaya kusa da mai wa'azi inda haske yake faɗa masa a fuska, kada taga ta kasance a bayansa. Ka ba tafinta nassi da kan wa'azi tun ran Asabar.

Na huɗu, ka yi amfani da fasahar da take hannunka. Saƙon waya, da kiran bidiyo ta WhatsApp, da bidiyon labaran Littafi Mai Tsarki da harshen hannu da aka ajiye a katin waya, da allo da alli, duk sun fi mutum-mutumin da ba a kawo ba. Manhajar Live Transcribe da Google ya fitar a 2019 tana juya magana zuwa rubutu, tana kuma iya taimakon kurman da ya iya karatu, idan wurin ba hayaniya.

Na biyar, kada ka yi wa kurma baftisma ko ka ɗaura masa aure bisa gyaɗa kai kawai. Ka tabbata ya gane, ya kuma amsa da harshensa. Idan za ka yi masa addu'ar warkarwa, ka nemi yardarsa, kada ka fito da shi gaban taro ana yi masa ihu a kunne.

Na shida, ka tuna da tsaronsa. Kurma ba ya jin ƙarar bindiga ko ihun a gudu. A kowace ikilisiya da kowane gida a sa wani takamaimai da zai taɓa shi ko ya kama hannunsa idan wani abu ya taso, a kuma yarda a kan alama ɗaya ta haɗari wadda kowa ya sani.

Na bakwai, ka ƙarfafa iyaye su kai yara rigakafi, su garzaya asibiti idan yaro yana zazzaɓi da sanƙarewar wuya, su kuma sa yaro kurma a makaranta da wuri. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, tana bayan iyayen da suke neman haƙƙin 'ya'yansu.

A ƙarshe, ka ba su aiki. Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa gaɓoɓin da ake gani kamar raunana, jiki ba ya iya yi sai da su. Kurma yana iya karɓar baiko, ya tsare ƙofa, ya koyar da yara kurame, ya yi wa'azi. Andrew Foster kurma ne, kuma ta hannunsa bishara ta kai ga kuramen ƙasashe 13. Lahadin da ta fi kusa da 23 ga Satumba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin harsunan hannu tun 2018, lokaci ne mai kyau na ba su bagade.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Kurame nawa ne a gidajen ikilisiyar da kake hidima, kuma nawa ne daga cikinsu aka yi wa baftisma?
2. Ka bayyana matakan da Yesu ya bi a Markus 7:33-34. Wanne ne ya fi tsauta wa yadda muke gudanar da taron warkarwa?
3. Wani ɗan ikilisiya ya ce kurma ba zai iya ba da gaskiya ba saboda Romawa 10:17. Yaya za ka amsa masa?
4. Idan wani ya yi wa ikilisiyarku alkawarin kuɗi, ya ce ku zaɓa tsakanin sayen na'urar fassara da horar da tafintoci biyu, wanne za ku zaɓa? Ka kawo dalilai uku.
5. Ka rubuta abu ɗaya da za ka fara yi kafin Lahadi mai zuwa, ka kuma faɗa wa abokin karatunka domin ya tambaye ka a kai.